Wa Ya Duba? Jawabi Kan Sa Ido a Lafiyar Unguwa

 

An ce in yi magana kan lafiyar jama'a. Ni tambaya ɗaya na zo da ita, ina so kowa ya koma gida da ita: wa ya duba? Ruwan da muke sha, maganin da muke saye, ƙanƙarar da ake jefa mana cikin zoɓo, wa ya duba su, kuma yaushe?

Mu fara da Tibiri, nan kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutanen garin suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse. Ruwa ne garau, ba wari, ba launi. Ashe akwai sinadarin fuloraid a ciki, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Yara suka taso haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu sun nakasa ke nan har ƙarshen rayuwa. Shekara da shekaru ana cewa ƙaddara ce, wasu na cewa iska ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma gwajin ruwa ɗaya da an yi shi da wuri, aka kuma yi aiki da sakamakonsa, da ya tsare yara da yawa.

Sai kwalara, wato zawo da amai. A damanar 2018 ta ɓulla a yankin Madarumfa, ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan. A 2021 ta dawo, ta kama sama da 5,000, ta kashe fiye da 150, kuma jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta sananna ce. Ruwan sama ya cika salanga, ta tumbatsa, ƙazanta ta gangara rijiya ko gulbi, a ɗebo a sha. Babban mutum mai ƙarfi, idan ruwan jikinsa ya ƙare, yana iya tafiya cikin yini guda.

To, wa ke da alhakin dubawa? Hukuma tana da ma'aikatanta: akwai ma'aikatan tsabta, akwai ofishin magajin gari, akwai likitar unguwa da muke kira CSI, sama da ita akwai asibitin gunduma. Amma ku ƙirga rijiyoyi, tuwo-tuwo, mahauta da ƴan ga-ruwa da ke unguwarku kaɗai. Ma'aikaci ɗaya a kan babur ba ya zagaye su. Mu da muke zaman fada muna shan shayi har dare, mu ne muke ganin komai. Mun san wanda ke juye salanga cikin magudanar ruwa. Mun san mai tallan magani a faranti, rana na dukan ƙwayoyi tun safe, har da Tramadol da yake miƙa wa ƙannenmu.

Ga abin da nake roƙo. CSI tana da kwamitin gudanarwa, COGES, inda wakilan jama'a ke zama. Ku nemi sanin su wa ke ciki, ku je taronsu, ku tambayi yaushe aka yi gwajin ruwan famfon unguwa kuma me ya nuna. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Idan kuka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna zawo kamar ruwan shinkafa, kada a jira gari ya waye. A fara ba su ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Suna sha ana tafiya likita, a kuma sanar da mai unguwa. Ɓoye mara lafiya don gudun surutu shi ke kai cutar gidan maƙwabci. Idan kuma rai ya yi halinsa, gawar mai kwalara tana yaɗa ciwon. A bari ma'aikatan lafiya su jagoranci wanka da sutura tare da liman. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa bai shiga ba, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Sai dai in ja kunnenmu. Sa ido ba ɗaukar doka a hannu ba ne. Ba mu da ikon kife wa wata baiwar Allah tukunyar abinci ko ƙwace kayan ɗan talla. Neman halal suke yi. A yi musu nasiha a asirce, in bai yi ba a kai wa mai unguwa, daga nan sai hukuma, da rana da wuri da abin da ido ya gani. Jita-jitar WhatsApp ba shaida ba ce.

Mu fara da namu. Randunan masallacinmu, butocin alwala, makewayin makarantar allo: wa ya duba su a wannan mako? Kowane reshe ya fitar da mutum biyu kafin damana ta sauka, su ɗauki wannan aiki.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.