Ciwon Bayan Ciko: Na Haƙuri da Na Komawa Asibiti



Mun san wasu za su yi mamakin jin cewa maganar haƙori muka zo da ita yau, alhali ga manyan matsalolin ƙasa jibge gabanmu. To, amma wanda ciwon haƙori ya taɓa hana wa barci a daren jarrabawa ba zai raina batun ba. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori kuwa ita ce kan gaba. Mu dai ɓangare guda ya dame mu. Mutum ya yi kogo a haƙori, ya daure ya je asibiti, likita ya cike masa, ya biya kuɗinsa, sa'an nan ya komo ɗaki ya kurɓi ruwan randa, ya ji wani abu ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa. Nan take sai ya yanke hukuncin an cuce shi. Wasu daga nan sai wurin mai cire haƙori, a tumɓuke abin da aka sha wahalar gyarawa.

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu san yadda Allah ya gina haƙori. Hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin komai. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗauke da dubban ƙananan kafofi cike da ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ya yi bayani a shekarun 1960 cewa sanyi ko zafi ko zaƙi kan motsa ruwan nan na cikin kafofi, motsin nan kuwa shi ke taɓo jijiya, mu ji tsarguwa.

To, ku duba abin da ke faruwa ranar ciko. Tilas likita ya kankare ruɓaɓɓen wuri da na'ura mai gudu da ɗumi, kusa da jijiyar da dama ruɓa ta riga ta fusata. In kogon ya yi zurfi, abin da ya rage tsakanin ciko da ɓargo bai taka kara ya karya ba. Haka nan abin da aka cike da shi yana da nasa hali. Cikon ƙarfe, watau gamin azurfa da kuza da zaiba, yana saurin kai zafin shayi ko sanyin ƙanƙara ciki. Farin ciko kuwa, wanda ake daskarar da shi da shuɗin haske, yakan ɗan tsuke sa'ad da yake bushewa, ya ja bangon haƙori. Saboda haka ba abin mamaki ba ne haƙori ya yi 'yan kwanaki yana tsarguwa, har iskar hunturu ma ta dame shi. Irin wannan ciwo yakan zo farat ɗaya, ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi da zarar an janye abin da ya tayar da shi, kuma kullum raguwa yake yi. Galibi cikin mako 2 zuwa 4 an manta da shi. Wannan shi ne na haƙuri.

Akwai kuma wanda haƙuri ba ya yi masa magani. Na farko, in mutum ya rufe baki ya ji cikon ne ke fara karo da na sama ko na ƙasa, tauna kuma tana yi masa zafi, to cikon ya yi tudu. An gwada shi ne lokacin da allura ta kashe baki, mutum bai iya faɗin daidai ba. Gyaransa aikin 'yan mintoci ne, likita ya ɗan goge tudun, shi ke nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na biyu ya fi haɗari: ciwon da ke tasowa ba tare da an ci ko an sha komai ba, ko ya daɗe yana zugi bayan an haɗiye abin sanyi, ko abu mai zafi ya tsananta shi, ko ya ta da mutum cikin dare. Wannan alama ce ɓargon ya kumbura ta yadda ba zai warke da kansa ba. Duk da haka sau da yawa ana iya ceton haƙorin, a cire jijiyar, a wanke saiwar, a toshe. In kuwa kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya ta yi wuya, kada a kwana, a tafi asibiti a ranar.

Me za mu yi a kwanakin jira? Mu rage abin da ya cika zafi ko sanyi, da tsami irin na tsamiya da lemo. Rake da goro su dakata, mu tauna abinci ta ɗaya gefen. Kada tsoro ya sa mu daina goge wurin. A goge a hankali da burushi mai laushi da man goge baki da aka yi musamman don haƙori mai tsarguwa. Farasitamol yana taimakawa in an bi ƙa'idarsa. Amma cusa asfirin a gindin haƙori ƙona dasashi yake yi, balle ruwan batir ko fetur da wasu ke ɗigawa. Haka nan kafson kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kyamis ba ya sauke cikon da ya yi tudu.

'Yan'uwa, mu ne 'yan boko a gidajenmu. In Inna ko Baba ko wani ƙane ya dawo daga asibiti yana dafe da kunci, mu za a tambaya. In muka ce aikin banza aka yi, mun jawo an cire haƙori, mun kuma sa gida guda ya juya wa asibiti baya. In muka ce a yi ta haƙuri a inda ya kamata a koma, mun jawo ƙari. Haƙori 32 babba ke da su, wanda ya fita kuwa ba ya sake tsirowa. Saboda haka mu yi tambaya uku: me ke ta da ciwon, yaya daɗewarsa, raguwa yake yi ko ƙaruwa? Wanda amsarsa ta nuna komawa, mu raka shi, kuma kada ya ji nauyin gaya wa likita abin da yake ji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.