Ni da Fijo 504, da Abin da Nake Roƙon Wannan Ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, 'yan ajinmu da ƙannenmu da suka biyo baya, ina yi muku barka da zuwa. Da sakatare ya same ni a gida can Kinkinau ya ce ni zan yi jawabin bana, na ce masa ga likitoci ga lauyoyi a cikinmu, me za a yi da mutumin da har yau ba a raba farcensa da baƙin mai? Ya ce ai saboda baƙin man aka zaɓe ni. To, ga ni.

'Yan ajinmu ba su manta ba, bayan littafina na lissafi zanen motoci ya fi lissafin yawa. Malaminmu na Fiziks, ga shi can zaune a gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya taɓa kama ni ina zana mota ana tsakiyar darasi. Bai doke ni ba. Cewa ya yi in fito in gaya wa aji abin da ke sa tayar ta juya. Na yi tsuru-tsuru, aji ya fashe da dariya. Ranar na gane ashe son mota daban, saninta daban. Malam, amsar ce na kawo yau, ko da yake ta yi latti da shekara arba'in da ɗoriya.

Mu 'yan Kaduna da mota muka tashi. A 1975 kamfanin Peugeot, wato Fijo a bakinmu, ya fara haɗa motoci a Kakuri, can ƙetaren kogi, kuma da wuya ka sami unguwar da babu ma'aikacinsa. Da yamma za ka ga sababbin motoci a jere, ledar kujera ba a cire ba, an nufi Kano ko Legas da su. Akwai 404, daga baya aka yi 505, amma sarauniyarsu ita ce 504. A Faransa ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Amma a Afirka ta yi suna. Ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, cikin laka da ƙura, samfurinta mai ƙofa biyu kuma ya sake ci a 1978. A nan gida kuwa ita ce motar babban sakatare, ita ce motar 'yan sanda, wagon ɗinta ke lodin Kano a tashar Kawo, a-kori-kurarta ke kai hatsi kasuwa. Turawa sun daɗe da daina yin ta, Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006.

Me ya sa ta zauna da mu haka? Ba don ƙarfi ba. Injinta mai fistin huɗu ne, bai cika lita 2 ba, ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba. Asirinta yana ƙasa. Tayoyin baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da dogon wurin lotsawa, shi ya sa take haɗiye rami ba ta jijjiga fasinja. Sannan ba ta ɓoye wa mai ita komai. Ka buɗe gabanta, ga kafireta, ga fulogi huɗu, ga lagireto, kowanne hannu yana kai masa. In ta yi tari a hanyar Birnin Gwari, da sifana da sukundireba za ka lallashe ta ku iso gida. Abin da garejin kamfani ya ce sai an yi oda, ka shiga Fanteka da tsohon a hannu, kafin la'asar an ƙera maka wani. Ni a Fanteka na yi karatuna na biyu, kuma malamaina na can yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba.

Tawa na saye ta hannu na biyu, fara, bayan na shekara shida ina tari. Daren farko ban yi barci ba, sai leƙe nake ta taga. Uwargida har yau tana cewa ita ce kishiyar da aka yi mata ba a biya sadaki ba.

Yanzu ga inda ba na son zuwa, amma dole in je. Ina saurayi, an ɗaura auren wani abokinmu, muka ɗauko amarya za mu kai ta. Kun san yadda ake yi, mota bayan mota, ana oda, kowa yana son a ce shi ne a gaba. Muka hau titin Nnamdi Azikiwe, wanda muke kira Bayafas, lokacin babu cunkoso irin na yau. Wani ya zo daidai ni ya taka totur, ya dube ni ya yi dariya. Ni ma na taka. Mutum shida ne a motata, huɗu mata ne. Ban san lamba nawa allura ta nuna ba, don ba ita nake kallo ba, shi nake kallo. Sai ga wani dattijo da keke ya sako kai zai tsallaka. Na danne birki, motar ta ja taya, ta juya, ta bugi bayan keken, muka tsaya a cikin kwata. Allah Ya kiyaye rai. Amma dattijon ya karye a cinya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa da sanda yake tafiya. Mai sayar da itace ne, da keken yake ciyar da gidansa. Na yi jinyarsa, na riƙa kai masa abin da ya samu, ya ce ya yafe mini tun a gadon asibiti. Yafiyar ba ta mayar masa da ƙafa ba. Ban taɓa faɗin wannan a bainar jama'a ba sai yau, kuma akwai mutum biyu a zauren nan da suke cikin ayarin.

Abin da ya sa na tono shi, yanzu a ƙofar gidana nake ganin abin yana maimaita kansa. Duk ƙarshen mako in an yi biki, sai samari su fito wasan mota. A juya ta wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi, wasu sun fito da rabin jiki ta taga, yara sun kewaye suna ihu, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka don a sa a TikTok. Ba 'ya'yan wasu ba ne. Namu ne, da makullin da muka ajiye a kan tebur.

Kuma motarsu ba tawa ba ce. Tun da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, muka koma 'yan Kwatano. Toyota Camry mai fistin shida da yaro zai ara a gida yau, ƙarfinta ya haura doki 260, kusan ninki uku na 504. Ba ta ƙara, ba ta rawa, gilashi a rufe, sanyi yana busawa, yaro yana gudun kilomita 120 yana jin kamar a falo yake. Ga lissafin da Malam ya so in koya ina zane. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarsa ta tashi daga totur ta sauka a birki ya wuce gida biyu. In kuma ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Birkin zamani yana hana taya kullewa, gaskiya ne. Ba ya soke wannan lissafi.

Kada a ce na tsufa ne na tsani gudu. Har gobe in na ji kukan Porsche 911 ko tsohuwar Ford Mustang ta 1964 a talabijin sai na ajiye cokali. Da aka ce Bugatti Veyron ta haura kilomita 400 a awa a 2005, kwana na yi ina karanta yadda aka sanyaya injinta. Amma a duba yadda masu abin suke yi. A Amurka ma a kan titi samari suka fara tseren miƙe, mota biyu a jere, mita 402. Da gawa ta yi yawa, wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, aka kwashe tseren aka kai fili killatacce, da hular kwano, da motar kashe gobara, da mai duba mota kafin ta shiga. Da direba Scott Kalitta ya mutu a 2008, sai suka rage wa motoci mafiya ƙarfi tazarar zuwa ƙafa 1,000. Ko a nan, tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu da tsari ake yin sa, an san hanya, an san masu shiga. Mu kuwa mun ɗauko gudun mun bar tsarin, filinmu shi ne inda 'yan Islamiyya ke tsallakawa.

Na lura da abu ɗaya a shekarun da na yi ina koyar da yara a gareji. Yaron da ya taɓa kwance birki da hannunsa, ya ga ashe ɗan faifan da ke tsakaninsa da lahira bai fi kaurin yatsa ba, ba ya wasa da mota kamar wanda makulli kawai ya sani. Ba na cewa duka, amma yawanci. Sha'awar tana nan, sai dai ta koma wajen gyara da saurare da alfahari da aikin hannu. Motocin yau kuwa kwamfuta ake sa musu ta faɗi ciwonsu, yaro ba shi da inda zai sa hannu ya koya. Hukumar kiyaye haɗurra tana kan titi tun 1988, amma ba za ta shiga gidajenmu ta karɓe makulli ba.

Saboda haka ga roƙona. Na zaga makarantarmu jiya, na leƙa ɗakin koyon sana'a inda muka koyi riƙe zarto. Rufin yana yoyo, teburan babu komai a kansu. Ita farar 504 ɗin tana nan a Kinkinau, injinta yana tashi bugu ɗaya, na kuma yi shawara da iyalina mun ba makaranta ita kyauta. Ba don a hau ba. A cire mata tayoyi a ɗora ta a kan ƙarfe, ɗalibai su kwance ta su ɗaure, su sake kwancewa. Ni zan riƙa zuwa Asabar biyu a wata muddin ina da lafiya, kuma zan fara kowane zango da labarin dattijo mai keke. Abin da nake nema a wurinku uku ne: kwanon rufi, akwatin kayan aiki guda huɗu, da mutum biyu cikin injiniyoyinmu da za su karɓe ni ranar da ban samu zuwa ba. 'Yan mata ma a sa su, don 'yata ta fi yayyenta maza gane kukan inji.

Ma'aji yana da takarda a bakin ƙofa, wanda zai sa hannu ya rubuta sunansa kafin a tashi cin abinci. Mai babbar motar da zai taimaka a ɗauko ta kuma ya same ni bayan sallar la'asar, don takardunta sun ƙare, ba zan hau titi da ita ba.

Malam, abin da ke juya tayar shi ne wutar da fulogi ke kunna wa mai a kan fistin. Sauran bayanin sai ka zo ranar Asabar.