Amsar Wasiƙunku: Kada Ka Sayar da Fadama Don Idon Jama'a

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi na wajen Kuchi, a ƙaramar hukumar Kebbe, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce duk ran da ya ci kasuwar Tambuwal sai ya komo gida ransa a ɓace, don sa'o'insa da suka tafi ci-rani kudu sun dawo da sababbin babura da manyan wayoyi, shi ko yana nan da tsohon kekensa. Ga shi wani ya taya gonarsa ta fadama da daraja. Shin ya sallama ya sayi babur, ko kuwa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsarmu a gajarce ita ce, kada ka sallama.

Ka tuna abin da ya faru a farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta yi batan dabo. Mai kuɗi a banki ya wuni a kan layi ya dawo hannu rabbana, amma wanda ke da gero a rumbu bai kwana da yunwa ba. A watan Mayu na shekarar 2023 kuma aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Babur ɗin da za a saya don a burge mutane kullum sai ya sha mai, kuma kowace shekara darajarsa raguwa take yi. Fadama kuwa ita ke ba ka shinkafa da damina, ta ba ka albasa da rani, gobe kuma 'ya'yanka su gada. Guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni.

Yanzu bari mu zo kan ɓacin ran, don nan ciwon yake. Malam, zauna ka ƙidaya abin da ke hannunka. Ƙanshin ƙasa ran da aka yi ruwan shuka, nawa ka taɓa biya ka shaƙa? Ga tumun farko da yara ke gasawa a bakin gona. Ga fura da nono a sabuwar ƙwarya bayan ka taso daga noma, ka miƙe ƙafa a inuwar ɗorawa. Ga dara da yamma, ga hira a ƙofar gida bayan sallar lisha, jikanka na barci a cinyarka. Ka tambayi waɗancan 'yan ci-rani tsakani da Allah, in suna kwance a rumfar kasuwa a Ikko ko Ibadan, me suke begen samu? Wallahi waɗannan abubuwa ne da kai ka raina.

Kuma wannan ba baƙon hali ba ne a ƙasarmu. Masu tarihi sun ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, duk da ƙasashen da suka zo ƙarƙashinsa bai tara sutura ba, igiya yake tufkawa da hannunsa ya ci guminsa. Ɗansa Muhammadu Buhari kuwa a nan Tambuwal ya zauna. Ashe ke nan gadon wadatar zuci a ƙofar gidanku yake.

Amma fa a fahimce mu. Ba mu ce a rungume hannu ba, wadatar zuci daban, lalaci daban. In babur zai kai albasarka kasuwa, ka neme shi, sai dai ta hanyar da ba za ta raba ka da tushenka ba. Kada ka kwashe hatsinka kaf da kaka yana arha, ka dawo kana awo da tsada tsakiyar damina. Ka ware na ci tukuna, rarar ka jira ta yi daraja. Ka ɗaure rago ɗaya ko biyu don babbar salla, uwargida ta shiga adashi. Ko da na hannu ka samu bayan shekara biyu, naka ne, ba mai bin ka bashi, ka yi barcinka har da minshari.

Ku ma 'yan kasuwa wannan magana ta shafe ku: kada a ci uwar kuɗi wajen biki don kawai a ce wane ya yi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiya a ƙauyukanmu, Ya sa mu gode da abin da Ya hore mana. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.