Takardar da ke tambaya ko kun yafe

Wannan jawabi ne da mai fassara na ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira ya yi a rumfar taro. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

 

Ba shugabar ofis ce ta aiko ni ba yau, ni na roƙi a ba ni dama. Tun da ma'aikatan lafiyar zuciya suka fara zagayawa da takardar tambayoyin nan, maganganu iri-iri suke zuwa kunnena. Wasu na cewa so ake a tilasta mana yafe wa 'yan bindiga kafin a maida mu Sabon Birni da Isa. Wasu na cewa wanda ya ce bai yafe ba za a cire sunansa daga katin abinci. Ni nake juya tambayoyin daga Faransanci zuwa Hausa, don haka in ruwa ya gurɓace, daga wajena ya fara.

Ranar farko, tambayar da ke kan takarda na juya ta kai tsaye. Na dubi wata uwa, sa'ar mahaifiyata, na ce, "Inna, kin yafe wa wanda ya cuce ki?" Ta dube ni, ta ce, "Yaro, kai ne za ka dawo mini da ɗana?" Ta ɗauki tabarmarta ta tafi. Gaskiyarta ce. Yadda na faɗa, kamar roƙonta nake ta yafe, alhali takardar ba roƙo take ba. In tana nan a cikinku, ina ba ta haƙuri.

To mece ce takardar? Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna lura cewa mutum biyu za a yi musu cuta iri ɗaya, ɗaya bayan shekara ya koma noma, yana barci, ɗayan kuma yana ramewa. Sai suka nemi hanyar awo. Zuciya ba hatsi ba ce balle a sa tiya, saboda haka suka tsara jimloli. A karanta maka jimla, ka ce ta yi daidai da kai ƙwarai, ko kaɗan, ko sam ba ta yi ba. Wani malami a Amurka, Robert Enright na Jami'ar Wiskonsin, ya tsara mai jimla 60. Wani kuma, Michael McCullough, shi da abokan aikinsa suka fito da gajera a 1998, mai jimla 12. Ita gajerar abu biyu take dubawa: yadda kake son ramawa, da yadda kake guje wa wanda ya cuce ka. Daga baya aka ƙara mata jimla shida masu duba ko kana iya yi masa fatan alheri, ta zama 18. Irin waɗannan ne aka ɗebo aka haɗa wadda kuke gani.

Mun san da yawanmu ba mu saba da a ce "zaɓi lamba daga 1 zuwa 5" ba. Shi ya sa yanzu nake zuwa da tsakuwa biyar. In jimlar ba ta shafe ki ba, ki ture ɗaya. In ta cika miki zuciya, ki ture duka biyar. Babu amsar da ta fi wata kyau, kuma ba jarrabawa ba ce da ake ci ko a faɗi.

Yanzu bari in faɗi inda ni kaina takardar ba ta gamsar da ni ba. Yawancin mutanen da aka fara gwada waɗannan tambayoyi a kansu ɗaliban jami'a ne a Amurka, waɗanda aboki ya ci amanarsu ko budurwa ta yaudara. A wajensu, in mutum ya ce yana nisantar wanda ya ɓata masa, ana lissafa shi cikin wanda bai gama yafewa ba. To mu fa? Wanda ya ƙona maka rumbu, ya kora maka shanu, ya sa ka sayar da gona don kuɗin fansa, in ka nisance shi ai hankali ne. Dukanmu nan nisantar ce ta tsallako da mu iyaka. Na faɗa wa masu takardar haka, kuma sun yarda su riƙa rubuta bayanin da mutum ya yi a gefen lambar. Saboda haka kada ku tsaya kan tsakuwa kawai. Ku ce, "Na ture biyar ne don ina tsoronsa," ni kuma in juya yadda kuka faɗa.

Wahala ta biyu ta harshe ce. Su kalma ɗaya suka rubuto. Mu kuwa muna da "na yafe", muna da "na haƙura", muna da "na yi masa afuwa", muna da "na bar shi da Allah", sannan ga "Allah ya isa". Kowannenku ya san ba ɗaya ba ne. Mai cewa ya haƙura, wataƙila ba shi da yadda zai yi ne. Mai cewa ya bar shi da Allah ya ajiye ramuwa da hannunsa, amma bai janye ƙararsa ba, kotun kawai ya sauya. A wane gida za a sa wannan a takarda? In na rubuta "ya yafe", na yi masa ƙarya. In na rubuta "yana son ramuwa", nan ma ƙarya ce. Har yau abin da nake yi shi ne in rubuta kalmarku yadda ta fito, a Hausarta.

Akwai wani masanin, Everett Worthington, wanda bayaninsa ya fi kusa da yadda muke ji. Ya raba yafiya gida biyu. Akwai ta yanke shawara: mutum ya ƙudura cewa ba zai rama ba. Akwai ta zuci: zafin ya huce, har in an ambaci sunan mutumin gabanka ba ya faɗuwa. Ta farko tana iya zuwa dare ɗaya, ta biyun tana iya ɗaukar shekaru. Mutumin nan ba daga littafi kawai yake magana ba. A daren shiga shekarar 1996 ɓarawo ya shiga gidan mahaifiyarsa ya kashe ta. Na kawo shi ne saboda 'yan'uwanmu da ke zuwa ofis suna cewa, "Na furta na yafe bayan salla, amma da dare ina jin kamar in shaƙe shi. Ko ni munafuki ne?" A'a, Baba. Bakinka ya riga zuciyarka isa ne kawai.

Sashe na biyu na takardar shi ya fi muhimmanci a ganina, ko da yake ba shi ake ta surutu a kai ba. Yana tambaya ne kan saƙe-saƙe. Masanan sun ari sunan abin daga saniya mai tuƙa: ta haɗiye, ta dawo da shi, ta sake taunawa. Wata malama, Susan Nolen-Hoeksema, ta tsara jimla 22 don auna wannan hali, kuma bincikenta ya nuna masu yawan tuƙar baƙin ciki sun fi daɗewa cikin ciwon damuwa. Kun san shi. Ka kwanta, daren harin ya dawo. Da mun tafi tun ranar kasuwa. Da ban aiki yaron ɗebo itace ba. Me ya sa ni na tsira? Har asuba ana abu ɗaya, ba a kai ko'ina ba.

Ku lura, a cikin wannan tuƙar sau da yawa ba ɗan bindigan ake tuhuma ba, kai ne kake tuhumar kanka. Shi ya sa wata takardar da aka fitar a 2005, mai jimla 18, ta raba tambayoyinta uku: yafe wa wani, yafe wa kai, da yin sulhu da abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar ciwo ko ambaliya. A 'yan makonnin nan da nake fassara, tambayar yafe wa kai ce take sa mutane yin shiru mafi tsawo.

Ko wannan awo ya taɓa amfanar masu irin halinmu? A Ruwanda, bayan kisan kiyashin 1994, masu bincike sun zauna da mutum fiye da 2,000 a shekarar 2002. Kusan ɗaya cikin huɗu na da alamomin ciwon firgici: mugun mafarki, razana, abin da ya wuce yana dawowa kamar yanzu ake yi. Waɗannan su ne suka fi ƙarancin amincewa da zancen sulhu. A 2007 aka wallafa wani binciken kan yara 169 da aka taɓa tilasta wa ɗaukar bindiga a Yuganda da Kwango, aka ga abu iri ɗaya: wanda firgicin ya fi yawa a jikinsa shi ya fi jin son ramuwa. Binciken bai tabbatar da wanne ke haifar da wanne ba. Amma abin da ni na ɗauka shi ne, wanda ya kasa yafewa ba lallai mugun mutum ba ne, sau da yawa mai rauni ne da ba a yi wa magani ba. Ba a cewa mai karaya ya tashi ya yi gudu kafin a yi masa ɗori. Amfanin takardar ke nan: a gane su wa ke bukatar ganin ma'aikacin lafiya, kuma a san ma'aikata nawa za a nema.

Malamanmu suna zaune, su suka fi ni sanin falalar yafiya da kuma haƙƙin wanda aka zalunta, ba zan shiga gonarsu ba. Abin da ya shafi ofishinmu shi ne wannan: ko kin ce kin yafe, ƙorafin da kika shigar yana nan, ba a rufe shi. Yafiya daban, komawa zama da mutum daban, hukunci kuma daban. Wannan ya haɗa da cutar da aka yi a nan cikin sansani, ko a cikin ɗaki tsakanin miji da mata. Kada wani ya ce miki tunda kin ture tsakuwa ɗaya, maganar ta mutu.

Sauran a taƙaice. Amsa tambayoyin ganin dama ne. Kana iya ƙi, kana iya tsallake wata, kana iya tashi a tsakiya kamar yadda Inna ta yi, ba abin da zai taɓa katinka, ko rajistarka, ko matsayinka na ɗan gudun hijira. Ba a rubuta suna a takardar, lamba ake sawa. Ba sai ka ambaci sunan wanda ya cuce ka ba. Mace na iya cewa mace take so ta yi mata tambaya da fassara. Ni kuma abin da na ji a zaman nan ba ya bi na gida, ko matata ba ta ji.

In tambayoyin sun tayar maka da abin da ya kwanta, har barci ya gagara ko ka ji rayuwar ta ishe ka, kada ka jira zagaye na gaba. Ka zo ɗakin shan magani ko ofishinmu da safe, ka ce mai fassara kake nema, zan raka ka da ƙafata.

Na ga hannun Malam a sama tun ɗazu. Bismillah, Malam, muna saurare.