Jawabi ga Manomanmu: A Duba Ƙarƙashin Gona

 

Da yawanmu mazauna Jimeta da Yola mukan nufi Jada ko Ganye mu kama gona, saboda can ta fi mu samun ruwan sama. To amma sai a zuba taki, masara ta yi kore shar, ruwa na ɗaukewa kwana goma ta yi yaushi. Sai mu ce ai takin ne jabu. Jama'a, sau da yawa cutar tana ƙarƙashi.

Wata gonar, kamu ɗaya za ka haƙa ka ci karo da marmara. Wata kuwa tarakta ce ta daddanne ta, domin kowace shekara garmarta a zurfi ɗaya take tsayawa. Saiwa in ta iso nan sai ta lanƙwashe ta bi gefe, ba ta kai ga laimar ƙasa. Agusta na zuwa kuma ruwa ya ƙi nitsewa, saiwar ta ruɓe. Ga tsami kuma: yawan ruwa yana wanke sinadaran ƙasa, ya bar ta da tsamin da ke tsugunar da saiwa.

Don haka kafin ka biya kuɗin haya, haƙa rami har ƙugu, tsakiyar damina in da hali. In ruwa ya kwana biyu a ciki, malam, wannan gonar shinkafa ce; in ka nace sai masara, ɗaga kunya sosai. Mai zuwa gwajin ƙasa a Jami'ar Modibbo Adama kuwa, ya ɗebi ta sama daban, ta ƙasan ramin daban.