Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne A Sama?

Yau maganar tikitin jirgi za mu yi, tunda a yawancin gidaje mu ne masu waya a hannu, mu ake miƙa wa takarda a ce "duba min ƙarfe nawa za mu sauka."

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in an miƙe sak, kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin fasinja kuwa yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. In ka haɗa da tashi da sauka, tafiyar kusan awa huɗu da rabi ce.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da jirgi yake ne. Saudiyya kuma ta riga Najeriya da awa 2. Misali, jirgi ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare, tikiti ya nuna sauka ƙarfe 4:30 na asuba. Sai ka lissafa awa shida da rabi, alhali huɗu da rabi ne. A dawowa lissafin juyewa yake, sai tafiyar ta yi kamar ta gajarce. Wanda agogonsa ke kan lokacin gida ranar dawowa, jirgi zai iya tafiya ya bar shi fa!

Na biyu, tikiti mai araha sau da yawa ba kai tsaye ba ne. Sai an ya da zango a Alƙahira ko Addis Ababa an canja jirgi. Tafiyar awa huɗu da rabi sai ta koma yini guda. Kafin ka saya wa tsohuwa mai ciwon ƙafa ko mai ciwon suga, duba awa nawa za ta yi zaune tana jira. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Na uku, jirgi ba kullum yake samun hanya miƙaƙƙiya ba. Hanyar ta ratsa samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu suka yi zagaye. Lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. Kun ga ke nan, rikicin Sudan har aljihun maniyyaci a Kano ya taɓa.

Wannan hanyar dai kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jakuna, wasu shekaru suka yi kafin su isa. Da yawa sun zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa. Mu sa su a addu'a.

Saboda haka in an ba ka tikiti, duba abu uku: lokacin wane gari ne, akwai zango ko babu, kuma a isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Ka zauna ka yi wa Baba ko Hajiya bayani dalla-dalla, kar ka tura hoto kawai ta WhatsApp.

Allah Ya kai matafiya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.