Aikin Katako a Gida: A Bar Itace Ya Bushe Tukuna

 

Ni ba kafinta ba ne. Amma a bayan ɗakina akwai 'yar rumfa mai tebur ɗaya, da zarto, guduma, gizago da tef na awo. In na dawo aiki da yamma, can nake sauke gajiya, ina gyara kujera ko ina haɗa wa yara akwatin littattafai. Na ga matasa da dama a cikinku sun soma irin wannan, shi ya sa nake so in ba ku labarin asarar da na yi.

Wata damina na sayi falankin malaina da aka yanka a makon. Na yi tebur, na goge, na shafa fenti, maƙwabta suka zo suna yabawa. Hunturu na shigowa sai falankan suka rabu, har fensir yana faɗawa ta tsakaninsu, ɗaya kuma ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta dai mayar da shi wurin shanya kwanuka.

Laifin ba na ƙusa ba ne. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani ma rabin nauyinsa ruwa ne. In ruwan yana fita, katako yana tsukewa ta faɗi, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya rasa kusan rabin inci. Babu ƙusa ko gam da zai hana shi. Malaina kuwa tana da wayo: bayanta ya bushe, cikinta na nan da ruwa.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina jera bulo a inuwa, domin katako ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa 1, saboda laima da gara. Tsakanin falanki da falanki ina sa busassun sanduna masu kaurin inci 1, kowace ƙafa 2, kowace sanda daidai kan ta ƙarƙashinta. In sandunan suka kauce wa juna, katakon zai bushe a karkace. A sama ina ɗora tsohon kwano da duwatsu. Bakin falanki kuma ina shafa masa ragowar fenti, gama ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Kada ku shanya katako a rana kamar barkono.

Yaya za ka san ya bushe? Ɗauki falanki ɗaya ka sa a sikeli duk mako, ka rubuta nauyin a jikinsa. Ran da nauyin ya daina raguwa, ɗauko zarto.

Dattawa, wannan ya shafe ku. Sau nawa ake tara baiko don bencina, a matsa wa kafinta ya gama kafin Kirsimeti, kafin Ista kuma suna girgiɗi? Kuɗin gwauruwa na ciki. Ku sayi katakon da kaka, ya sha iskar hunturu a jere, a yi aikin wajen watan Maris.

Itacen ma ba kamar da ba ne. An kwashi madobiya daga dazuzzukan Taraba zuwa Sin har ta kai a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke sa wa cinikinsu ido. Madaci ya yi tsada. Ni dai yanzu tsohuwar ƙofa ko karyayyen benci ba na barin a hura wuta da su, domin sun riga sun bushe shekara da shekaru. Wanda ke da irinsu a gida, ya same ni bayan an tashi.